Kafin a Ɗaure Bawul, a Tambayi Inji Ko Wane Iri Ne

A hunturun bara na kai ziyara Dogon Dawa da tsohuwar Golf ɗina, na biyo ta Funtuwa daga Zariya. Da gari ya waye na tayar da motar, sai na ji saman injin yana ƙas-ƙas. Na kai ta garejin bakin hanya, wani yaro mai hanzari ya saurara, ya ce, "Malam, tafet ne, sai an yi sitin bawul." Har ya ɗauko sifana, sai ubangidansa, dattijon da ya tsufa a kan Fijo, ya ce da shi, "Dakata. Wane irin tafet ne a ciki?" Yaron ya yi shiru.

Tafet shi ne ƙarfen da ke karɓar turin kamshaf ya isar da shi ga bawul, kuma iri biyu ne. Na farko sandararre ne, ana bar masa ɗan gibi domin ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi. A injin fetur na Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, gibin bawul na shigar mai milimita 0.10 ne, na fitar hayaƙi kuma 0.25, ana auna su da geji injin yana sanyi. Na biyu shi ne mai aiki da baƙin mai: akwai ɗan fistin a cikinsa, mai yana cika shi, shi kuwa ya cike gibin da kansa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, injuna biyu suna iya yin kama daga waje alhali cikinsu ya bambanta. Golf 2 ta fara da sandararren tafet, sai a tsakiyar shekarun 1980 aka koma mai aiki da mai, Golf 3 kuma ta gaje shi. Ga shi motocinmu sun sha canjin injin kwance daga Panteka, don haka shekarar mota ba hujja ba ce. Dattijon ya buɗe murfin saman injin ya nuna wa yaron. A tsohon samfuri akwai faifan ƙarfe kamar kwabo a kan kowane tafet, wanda ake canzawa don daidaita gibi. A nawa babu faifan, kuma geji ya ƙi shiga tsakanin kamshaf da tafet. Babu abin ɗaurewa. Baƙin man ne ya tsufa ya yi kauri, sanyin asuba ya hana shi hawa da wuri. Aka juye shi, aka sa sabuwar matata, ƙarar ta ɗauke.

Abin ya tuna mini da akori-kurar baffana, Fijo 504, wadda yake ɗaukar masara da ita zuwa kasuwa. Wani makanike da ya saba da injuna marasa ƙara ya ɗaure mata tafet har ta yi tsit, baffa ya biya yana murna. Da injin ya yi zafi, bawul ɗin hayaƙi ya daina zama daram a mazauninsa, alhali ta wannan zaman ne yake sauke zafinsa. Cikin 'yan makonni ya ƙone. Motar ta rasa ƙarfi, ta mace da kaya a tsakiyar daji dab da magariba. Duk wanda ya san shekarun da hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa ta yi tana fama da 'yan bindiga ya san abin da wannan tsayuwa take nufi. Allah ya kiyaye, wata mota ta ja su, amma kuɗin gyaran ya cinye ribar kakar.

Ban ga laifin yaran gareji ba. Yawancinsu a kan babur suka fara koyo, inda sitin tafet abu ne na yau da kullum, sai suka ɗauka kowane inji haka yake. Gyaran yana wuyan iyayen gidansu, da ƙungiyoyin makanikai, da kwalejojin fasaha: a koya wa almajiri buɗe murfi ya duba, ya gwada geji, ya karanta lambar inji, tun kafin a miƙa masa sifana. Mu masu mota ma da namu laifin, domin mu ne muke matsa wa makanike ya kashe mana ƙara ko ta halin ƙaƙa. A sandararren tafet, 'yar ƙara kaɗan alamar lafiya ce; shirun ne abin tsoro.

Da na tashi tafiya na tambayi dattijon kuɗin aiki. Ya ce in biya kuɗin mai da matata kawai, tunda bai gyara komai ba. Na ƙara masa wani abu a kai, ina ganin yaron yana juya gejin a hannunsa yana karanta lambobin da ke jiki.