TASHAR LANTARKI TA HASKEN RANA A ƘASAR LAFIYA: INA MATSAYIN MAI GONAR DA KE KUDU?

Duk wanda ke cinikin doya a kasuwar Mil 12 ta Ikko, ko a Ibadan, ko a Anaca, ya san sunan Lafiya, domin kuwa manyan motocin da ke sauke doya da agushi da riɗi a waɗannan kasuwanni, da yawansu daga can suke tasowa. To, ƙasar nan mai albarka yanzu ta sami wasu sababbin masu so, watau kamfanonin da ke samar da wutar lantarki daga hasken rana. Abin da suke bukata shi ne fili shimfiɗaɗɗe mai faɗi, kusa da hanyar mota da manyan wayoyin lantarki. Irin wannan fili kuwa da wuya a same shi ba gonar wani ba ce.

Wannan magana ta shafi mutanen Arewa mazauna Kudu ƙwarai, musamman waɗanda suka bar gonakin gado a hannun 'yan'uwa, domin ran da za a zauna shawara a ƙofar fada, da wanda ke nan ake yi.

ABIN DA YA GABATA

A watan Yuli na 2016 kamfanin Gwamnatin Tarayya mai sayen lantarki a sari, watau NBET, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 don su gina manyan tashoshin hasken rana, mafi yawansu a Arewa. Daga cikinsu akwai na kamfanin Afrinergia mai ƙarfin megawat 50, wanda aka shirya yi a Jihar Nasarawa. An daidaita a kan farashin senti 11 da rabi na dalar Amurka kowane awo. Daga baya gwamnati ta ce farashin ya yi tsada, aka kuma saɓa a kan lamunin da masu ba da rance ke nema, har shekaru suka shuɗe ba a gina ko ɗaya daga cikin 14 ɗin ba.

Amma maganar ba ta mutu ba. A watan Fabrairu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar tashar rarraba lantarki ta Akurba a Lafiya, abin da ya sa filayen kewayen suka ƙara daraja a idon masu wannan sana'a. Daɗin daɗawa, dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wuta a cikin iyakarsu.

Ƙananan tashoshi kuwa tuni suka iso. A ƙarshen 2021 kamfanin Husk Power ya buɗe guda shida, a Kiguna da Akura da Gidan Buba cikin Ƙaramar Hukumar Lafiya, da Rukubi da Idadu da Igbabo cikin ta Doma. Waɗannan ɗan fili kaɗan suke ci, kuma wutarsu a garin take tsayawa, mai injin niƙa da tela da mai sayar da ruwan sanyi su amfana. Babbar tasha dabam take, kuma a kanta ne ya kamata a buɗe ido.

YAWAN FILIN DA AKE BUKATA

Tashar da aka buɗe a Kumbotso ta Kano a watan Janairu na 2023 megawat 10 ce kawai, amma ta ci fili hekta 24. Hekta ɗaya kuwa wajen eka biyu da rabi ce. In aka bi wannan lissafi, tasha mai megawat 100 za ta lashe fiye da hekta 200, watau gonakin gidaje masu yawan gaske. Za a sare itatuwa don kada su yi wa farantan inuwa, a kewaye wurin da waya, a sa masu gadi. Yarjejeniyar irin wannan aiki kuwa shekara 20 ce ko fiye, watau yaron da aka haifa ran da aka kafa turke zai yi aure filin bai dawo ba.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba a cika bayyana wa mutanen ƙauye ba. Na farko, wutar babbar tasha kan hau manyan wayoyi ne ta wuce zuwa birane, sai ka ga ƙauyen da ya ba da fili yana kwana cikin duhu, sai fa in an rubuta a yarjejeniya cewa za a ja masa. Na biyu, leburori da yawa kan sami aiki lokacin gini, amma da zarar an gama sai a rage 'yan kaɗan, masu gadi da masu yankan ciyawa da masu wanke ƙurar hunturu daga faranti.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a bayan an ba mai shi sanarwa. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen diyya. Doka ba ta biyan kuɗin ƙasa ita kanta, sai abin da ke bisanta: amfanin gona, da itatuwa masu amfani, da gini, da rijiya. Saboda haka gonar da aka bar ta ta huta, ko wadda mai ita ke Agege bai noma ta bana ba, in ma'auna suka zo suka tarar da ita fayau, abin da za a rubuta mata bai taka kara ya karya ba. Haka kuma in an zo ƙirga da rani, bayan an haƙe doya an kai rumbu.

Dokar ta kuma yarda a biya diyyar filin al'umma ta hannun sarkinsu ko shugabansu, ko a zuba a wani asusu. A nan ne sunan wanda ba ya gari kan ɓace. Amma dokar nan ta tanadi wasu abubuwa da manomi zai dafa. Ta ce in ƙaramar hukuma ta karɓe gonar da mutum ke nomawa bisa al'ada, wajibi ne ta ba shi wata a madadi. In kuwa an saɓa a kan yawan diyya, akwai kwamitin rabon filaye na jiha da ake kai ƙara gabansa.

Har ila yau, dokar kiyaye muhalli ta 1992 ta wajabta a yi binciken illar babban aiki kafin a fara shi. Akan ajiye rahoton a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli har kwana 21 na aiki, a yi sanarwa a jarida, domin mai ƙorafi ya rubuta. Rahoton da Turanci yake, kuma mai kauri ne, ga shi manomi ba ya sayen jarida. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke Ikko ya fi shi damar ganin sanarwar, don haka nan ne ɗan gari da ke Kudu zai yi wa mutanensa rana.

SU WA ZA A TAMBAYA?

Ƙasar Lafiya ta tara jama'a iri-iri: Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Hausawa da Fulani. Gona ɗaya takan zama da masu haƙƙi uku ko huɗu: mai gado, da wanda aka ba aro ko haya, da wanda ke riƙe da ita jingina. Ga matan da ke tsintar kaɗanya da ɗorawa da itacen girki, ga makiyayin da burtalinsa ko mashayarsa ta ratsa ta wurin. In aka toshe burtali da waya, shanu cikin gonar maƙwabci za su bi, kuma jihar ta sha ganin abin da irin wannan kan haifar. Taron da aka yi da dagaci da dattawa biyar, aka ɗauki hoto aka watse, bai isa a kira shi shawara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dattawa ba su manta da Bakolori ba. A watan Afrilu na 1980, manoman ƙasar Talata Mafara da aikin madatsar ruwa ya ci gonakinsu suka tare hanyoyi suna neman diyya, aka turo 'yan sanda, aka yi asarar rayuka masu yawa. Aikin na ci-gaba ne, amma rashin sauraron masu ƙasa ya ɓata shi.

Kamfanonin da ke neman rance daga Bankin Duniya da makamantansa suna ƙarƙashin sharuɗɗan da suka fi dokar gida tsanani: a biya abin da zai maye gurbin asarar sosai, a kula har da wanda ba shi da takarda, a kuma buɗe ƙofar kai kuka. A Ingila da Amurka manomi kan ba da filinsa haya ne, ana biyansa kowace shekara, tumaki kuma na kiwo ƙarƙashin faranti. Babu laifi mutanen Lafiya su nemi irin wannan.

TUN RAN GINI RAN ZANE

Mai gona da ke Kudu ya kamata ya je gida a raba gado a san iyakar kowa, gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta. In da hali ya nemi takardar fili ta ƙaramar hukuma ko ta ofishin NAGIS na jiha. Ya naɗa wakili amintacce a rubuce, ya bar lambar wayarsa wurin dagaci. Ran ƙirga, wakilin ya tsaya a gonar, ya karɓi kwafin abin da aka rubuta, kada kuma ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba.

Ƙungiyoyin 'yan gari da ke Ikko da Ibadan da Fatakwal za su iya haɗa kuɗi su ɗauki lauya da mai ƙiyasta dukiya. Su nemi a rubuta abu huɗu: haya maimakon sallamawa, wuta ga ƙauyen, hanyar shanu da ta masu tafiya gona, da sharaɗin cewa in shekaru kaza suka wuce ba a fara gini ba, fili ya koma ga masu shi. Labarin kamfanonin nan 14 ya isa dalilin wannan sharaɗi na ƙarshe.

Lafiya na bukatar wuta, kuma Allah ya hore mata rana. Abin nema shi ne a zauna da masu gona, na gida da na nesa, kafin ma'auni ya sa igiyarsa. Allah ya sa a dace.