Tari ne ke buɗe ƙofa a unguwar Mayo

Tun da hantsi bencin ƙaramin asibitin ya cika. Mata sun lulluɓe da mayafansu masu tsawo, mai shayi ta hura gawayinta a bakin ƙofa, wani dattijo kuma ya koma bayan katanga da 'yar robar da aka miƙa masa, yana kakarin fito da kaki. Nan unguwar Mayo ce a kudancin Khartum, mazaunin mutanen Darfur da na Duwatsun Nuba da kuma Hausawa, jikokin mahajjatan da suka taso a ƙasa za su Makka suka yada zango a Sudan. Larabawa na ce musu Fallata, su kuma har gobe da Hausa suke gaisawa.

Tarin fuka, wanda a nan ake kira daran, shi ne babban aikin wannan ɗaki kafin yaƙin 2023. Akan aika kakin inda ake da na'urar GeneXpert, wadda ke ba da amsa cikin awa biyu. Wanda aka samu da ciwon sai ya shiga shan magani na wata shida, kyauta. Wanda jikinsa ya yi tsanani a da akan tsallaka Farin Nilu da shi zuwa Abu Anja, tsohon asibitin ƙirji na Omdurman.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na bayan la'asar. Ma'aikaciyar lafiya kan rataya jakarta ta bi majinyacin har gida, domin ƙwayar wannan cuta a iska take yawo, wanda kuwa ya fi shaƙarta shi ne mai kwana ɗaki ɗaya da mai tarin. A tsakar gida, ƙarƙashin rumfar da suke kira rakuba, takan zauna a bakin gadon igiya ta gaida uwar gida, Inna ina wuni, ya mai jiki, sannan ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya. Wa ke tari ya kai mako biyu? Wa ke zufar dare, wa ya rame? Yaran da ba su kai shekara biyar ba akan ɗora su kan maganin rigakafi ko da ba sa tari.

Daga nan ne take fito da zancen gwaji na biyu. Ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti ashirin an san ko mutum na ɗauke da ƙwayar HIV. Dalilin haɗa su a fili yake: mai wannan ƙwaya ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da tarin fuka fiye da ninki goma, kuma tarin ne ya fi kashe masu ita a duniya. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa mutanen gida tayin gwajin, musamman idan an samu ƙwayar HIV a jikin mai tarin.

A Sudan masu ɗauke da HIV ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, kuma wannan ƙarancin ne ya sa kunyar ta yi nauyi. Matar aure ba za ta ɗauki ƙafa ta je ɗakin gwajin kanjamau maƙwabta na kallo ba. Amma tari ba abin ɓoyo ba ne, kowa ya ji shi ta katanga. Idan aka yi wa gida duka tayi, daga kaka har ƙanin miji, babu wanda aka nuna da yatsa. A ganina hikimar ke nan, sai dai tana da sharaɗi biyu da ba a wasa da su. Wanda ya ce ba ya so, a ƙyale shi. Sakamako kuma ba a faɗarsa a ƙarƙashin rakuba, inda suruka da kishiya suka kasa kunne. Ɗaki ake shiga, ko a ce wa mutum ya zo asibiti gobe. Ma'aikaciyar da ta saki baki sau ɗaya ta rufe wa kanta ƙofofin layin nan gaba ɗaya.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin soja da dakarun RSF ya wargaza wannan aiki. Yawancin asibitocin Khartum sun rufe, sai ƙalilan irin su Basha'ir da ke kusa da Mayo da Al-Nau na Omdurman suka ci gaba da aiki da taimakon ƙungiyar likitoci ta MSF. Mutane sun gudu ba tare da ƙarasa maganinsu ba, alhali yanke shi ne ke haifar da tarin da ba ya jin magani. Tun da soja suka karɓe birnin a Maris 2025 jama'a ke komowa, ana cunkushe a gidajen da suka tsira, ga yunwa ta ci jiki.

Mai karatu, ko a Kano kake ko a Maraɗi, idan aka samu mai tarin fuka a gidanku, ku kai kowa a duba shi, kuma ku karɓi gwajin guda biyu a rana ɗaya.