Kwamfutar Da Ta Ƙi Buɗe Wa Mai Ita, Da Illar Gaggawar Fomatin

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata fatawa ce da ta yaɗu tsakanin masu gyaran kwamfuta da yaran shagunan buga takardu, har ta kusa zama ijma'i, alhali ba ta da nassi, ba ta da ƙiyasi: wai duk kwamfutar tebur da ta mutu farat ɗaya, ko don an ɗauke wuta ko don ta daskare an kashe ta da ƙarfi, sa'an nan da aka tashe ta ta ƙi barin mai ita ya shiga, to magana ta ƙare, sai fomatin. Na ji wannan magana har kunnena ya gaji, kuma da a kunne kaɗai ta tsaya da na yi shiru, amma na ga ɓarnarta da idona.

Wani maƙwabcina, dattijo wanda ya yi ritaya daga aikin koyarwa, ya shekara uku yana rubuta littafin nahawu. Wata rana bayan la'asar yana cikin bugawa aka ɗauke wuta, da aka tada janareta ya kunna na'urar, ya sa kalmar sirrinsa kamar kullum, sai ta yi ta juyi, ta rubuta masa wani layi da Turanci, ta maido shi bakin ƙofa. Ya naɗe akwatin da tsohon zane, ya ɗaure a bayan babur, ya kai wa wani yaro a kasuwa. Yaron ko kujera bai ja ba ya ce, "Baba, ai Windows ɗin ne ya tashi aiki, sai fomatin." Dattijo ya ce, "To, ɗana, littafin nawa fa?" Ya ce, "Ai Baba, wannan sai haƙuri." Dattijo ya yi istirja'i, ya biya kuɗi, aka shafe aikin shekara uku kafin a kira magariba. Komai da ƙaddarar Allah yake, babu ja, amma kowane abu da sababinsa, kuma sababin wannan asara ba ɗauke wuta ba ne, hannun yaron nan ne.

Ma'anar shiga dai sananniya ce: kowane mai amfani yana da asusu, da suna da kalmar sirri, kwamfuta ta tantance shi ta buɗe masa kayansa. Mas'alar da ke buƙatar bayani ita ce bambanci tsakanin ƙofa da ɗaki, domin mutumin da ya dawo daga tafiya ya tarar kwaɗon ƙofarsa ya cije, ba ya kiran magina su rushe gidan, maƙeri yake nema.

A cikin Windows, tun daga Vista wadda ta shiga kasuwa a 2007 har zuwa Windows 11, kayan kowane mutum suna zaune ne a wata folda mai suna Users, a ɓangaren rumbun ajiya da ake kira C, kowa da ɗakinsa mai ɗauke da sunansa. A cikin ɗakin nan, ban da takardu da hotuna, akwai wani ɓoyayyen fayil mai suna NTUSER.DAT, wanda yake tamkar daftarin magatakarda, inda ake rubuta yadda mai ɗakin yake son a shirya masa komai. Windows tana karanta shi a duk lokacin shiga, tana kuma yawan yin rubutu a cikinsa muddin mutum yana aiki, saboda haka idan wuta ta yanke a daidai lokacin da ake rubutun, sai ya zama kamar an buge hannun magatakarda a tsakiyar layi. Da aka sake kunnawa, Windows ta ɗauko daftari ta kasa karanta shi, sai ta yi ɗayan abu biyu: ko ta ce ta kasa ɗauko bayanan mai asusun ta mai da shi waje, ko ta shigar da shi wani ɗakin baƙi na wucin gadi, wanda sau da yawa sunansa TEMP, babu komai a ciki.

Wannan na biyun shi ya fi ruɗa jama'a. Mutum ya ga fuskar kwamfutarsa fayau, ba takarda ba hoto, sai ya ɗora hannu a ka ya ce an cinye, alhali da zai buɗe C ya shiga Users, da ya tarar da ɗakinsa na asali a rufe, kayansa cif yadda ya bar su. A nan ma akwai tarko, domin duk abin da aka adana a ɗakin baƙin nan ana share shi da zarar an fita. Na san wanda ya wuni yana sake buga abin da bai ɓata ba, da safe ya tarar sabon bugun ne ya ɓata.

Bugu da ƙari, tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi, wato NTFS, wanda ya zo tun 1993, an gina shi ne da sanin cewa wuta za ta yanke wata rana: yana rubuta niyyarsa a wani kundi kafin ya canja tsarin rumbu, don in an katse shi ya san inda zai koma. Takardar da ake kan rubutawa a daƙiƙar da wuta ta tafi tana iya lalacewa, wannan gaskiya ne, amma ba dubban da suke kwance tun bara ba. Wanda kuma yake son hujja mai girma, ya tuna ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da wani gyara mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi, aikin bankuna da asibitoci ya tsaya. Waɗannan ko bakin ƙofar shiga ba su iya kaiwa ba, amma maganin da aka bayar shi ne a shiga ta Safe Mode a goge fayil guda ɗaya tak. Da fatawar kasuwarmu aka bi, da an yi jana'izar takardun duniya a rana ɗaya.

To me ya sa masu gyara suke ruga wa fomatin? Ba na cewa dukkansu maha'inta ne, da yawansu iyakar abin da ogansu ya koya musu ke nan, taƙlidi ne kawai. Amma bincike yana son karatu da natsuwa, fomatin kuwa awa guda ne a karɓi kuɗi, kuma kwamfuta takan fito tana gudu, mai ita har ya yi godiya. Sai dai su sani, kayan da aka kawo musu amana ne, kuma shafe dukiyar mutum ba tare da an gaya masa akwai wata hanya ba cin amana ne, ko da an yi shi da fara'a. Fomatin na gaggawa fihirisar rumbu yake sharewa, sa'an nan sabuwar Windows ta hau kan tsofaffin takardu ta tattake su, a rumbun zamani irin na SSD kuwa, da wuya a ceto ko shafi ɗaya.

Wanda wannan abu ya same shi, farkon abin da ya wajaba a kansa shi ne ya karanta abin da na'urar ta rubuta, in bai iya ba ya ɗauki hotonsa da waya, domin "kalmar sirri ba daidai ba ce" ciwo ne daban da "an kasa ɗauko bayanan asusu". In na farko ne, ya duba Caps Lock da Num Lock, ya danna ɗan idon nan da ke gefen akwatin rubutu ya ga abin da yake bugawa a zahiri, ya kuma dubi harshen kibod a kusurwar ƙasa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su fi kowa lura da wannan, saboda kibod ɗin Faransanci harafin A yana mazaunin Q, Z yana mazaunin W, lambobi kuma sai an haɗa da Shift, don haka in tsarin ya juye, mutum zai rantse ya buga daidai, kuma bai yi ƙarya ba. In lambar PIN ce ta ƙi, akwai zaɓin shiga da kalmar sirri a ƙarƙashinta. A ofisoshin da kwamfutoci ke haɗe da uwar garke ɗaya, a dubi agogo, domin ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, in ya mutu agogo yakan ɓace bayan yankewar wuta, kuma saɓanin da ya wuce minti 5 ya isa a hana mutum shiga.

In kuwa na biyun ne, a kashe ta ta hanyar da ta dace a sake kunnawa sau ɗaya ko biyu, ba fizge waya daga bango ba, sau da yawa wannan kaɗai yakan wadatar. In ta ƙi, to kafin kowane gyara, a kwashe kaya tukuna. Ana iya shiga ta asusun wani mai iko a kwamfutar a kwafe foldar, ko a tada na'urar da filashi mai ɗauke da Ubuntu ba tare da an girka shi ba, ko a kwance rumbun a jona shi jikin wata kwamfutar. Sharaɗi ɗaya: in an kulle rumbun da BitLocker, sai da mabuɗinsa mai lamba 48, wanda galibi yana ajiye a asusun Microsoft na mai ita. Bayan kaya sun tsira sai a shiga Safe Mode, da F8 a Windows 7, ko a riƙe Shift a danna Restart daga fuskar shiga a Windows 10 da 11. Daga nan ana iya mai da na'urar halin da take ciki kwanakin baya da System Restore, wanda ba ya taɓa takardu, ko a binciki rumbu da chkdsk, a gyara fayilolin Windows da sfc, ko kuma, mafi sauƙi, a buɗe sabon asusu a kwaso kayan tsohon a zuba, ban da daftarin da ya lalace. Akwai gyara a cikin rajistar Windows, a wurin da ake kira ProfileList, inda asusun da ya sami matsala yakan fito da .bak a ƙarshen lambarsa, amma wannan aikin masana ne, kada mai karambani ya kusance shi.

Sauran sabuba, kamar ƙwayar cuta, da cikar rumbu, da mantuwa irin ta ɗan Adam, suna nan. In kuwa aka ji rumbu yana ƙwas-ƙwas, a kashe nan take, wannan ajali ne ya kusa.

Wanda dole sai ya je wurin mai gyara, ya tafi da filashinsa ko rumbun waje, ya ce a kwashe masa kaya kafin a taɓa komai, ya zauna a kan benci har a buɗe masa takardunsa a wata kwamfutar ya gani da idonsa, ko da za a ce ya cika naci. In Allah ya hore, ya sayi UPS, ko ƙarami ne, wanda zai ba shi 'yan mintocin adanawa da kashewa, ya kuma buɗe asusu na biyu mai iko tun yana cikin lafiya.

Maƙwabcin nawa dai ya zazzage tsofaffin littattafan darasinsa daga cikin adaka ya soma daga farko. Jiya da muka fito masallaci ya ce mini ya kai babin fi'ili, ya laluba aljihun jamfarsa ya nuna mini filashi ɗaure da zare a jikin makullin babur.