Yoga ga Malaman Makaranta a Gombe: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Da an ambaci yoga a ɗakin malamai, ko a Tudun Wada ko a Bolari, magana biyu ke tasowa. Wasu su ce bautar rana ce, wasu su ce tana warkar da hawan jini.

Ta farko tana da tushe, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Daga Indiya yoga ta fito, tana da alaƙa da addinin Hindu, kuma cikin motsinta akwai jerin da aka tsara don gaida rana, wani lokaci tare da maimaita kalmomin ibadar Hindu. Wannan ya sa majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta a 2008. Majalisar malaman Indonesiya kuwa ta rarrabe a 2009: wadda ta ƙunshi ibadar Hindu haramun ce, motsa jiki zalla babu laifi. Saudiyya ma ta amince da ita cikin wasannin motsa jiki a 2017. A ganina, malamar da ta miƙe bayanta bayan ta wuni tana rubutu a allo ba ta bauta wa kowa ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tambayi malaminsa na addini.

Ta biyun ƙarya ce, kuma ita ta fi damuna. Jan numfashi a hankali yana rage bugun zuciya, yana kwantar da hankali, amma ba ya maye gurbin magani. Mai hawan jini ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa, ya guji duk motsin da ke juyar da kai ƙasa, ya kuma ji ta bakin likita tukuna.

Inda amfanin yoga ya fi tabbata shi ne ciwon baya da ya daɗe. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa ta cikin hanyoyin da ake gwadawa kafin a kai ga magani. Ba sai an sayi tabarma ta musamman ba. Lokacin tara, ka zauna a kujerarka, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga kafaɗu zuwa kunne ka sake su, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar kana ƙirga shida. In wani wuri ya yi zafi, ka dakata.

Cunkoson aji, da tulin takardun jarrabawa, da zafin watan Afrilu kuwa, numfashi ba ya rage su. Wannan aikin masu tafiyar da makarantu ne.