Injin da ke ƙin tashi in ya yi zafi

A Madawa, Buza da Keita, injin niƙa mai shan gazuwal yakan tashi lafiya da safe. Da rana kuwa, in an kashe shi, sai ya ƙi tashi, mata suna zaune da hatsinsu.

Sau da yawa laifin famfon mai ne. Ƙura da ruwa cikin gazuwal suna cinye ƙarfensa. In mai ya yi zafi yakan tsinke, ya zurare ta gefe, ba ya shiga inji da ƙarfi.

Mu ɗora jiƙaƙƙen tsumma bisa famfon kaɗai, mu dakata kaɗan. In inji ya tashi, famfo ya gaji, sai makaniki. Kada mu kwance shi da kanmu. Mu riƙa tace gazuwal kafin mu zuba.