Fitsari Ba Ya Ɓoye Sirri: Yadda Ake Gano Kuromiyam a Jikin Ma'aikaci

Ƙasar Bagudo da ke Jihar Kebbi, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, ƙasar noma ce da kiwo, kuma inda duk akwai dabbobi ba a rasa fata da ƙirgi. Majemin gargajiya da bagaruwa yake jima, kamar yadda ya gada. Amma fatar da aka kai masana'antun zamani na Kano, a Challawa da Sharaɗa da Bompai, yawanci da gishirin wani ƙarfe ake jeme ta, wanda ake kira kuromiyam. Wannan ƙarfe bai tsaya a Kano ba, domin akwai ɗan kaɗan daga cikinsa a buhun simintin da magini ke kwaɓawa a Kaoje ko Illo, akwai shi kuma da yawa a cikin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda wani lokaci ake kai wa mai walda.

Wani masani Bafaranshe, Louis-Nicolas Vauquelin, shi ya gano kuromiyam a shekarar 1797. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, ƙarfen yana da fuska biyu. Akwai mai lamba uku, wanda da shi ake jima, kuma da ƙyar yake ratsa ƙwayoyin halittar jiki. Akwai kuma mai lamba shida, wanda ke tashi a hayaƙin waldar ƙarfen da ba ya tsatsa, ko idan aka ƙona tarkacen fatar da aka jeme da kuromiyam. Lambar tana nuni ne da yawan ilektoron da ƙwayar zarrar ta saki. Mai lamba shida yakan haddasa gyambo a fata, ya huda guringuntsin da ya raba kafofin hanci, ya kuma lahanta ƙoda. A shekarar 1990 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta jera shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji, musamman na huhu.

Hausawa na cewa jiki magayi, sai dai a nan kafin jiki ya gaya wa mutum, sau da yawa ɓarna ta riga ta yi nisa. Shi ya sa likitocin ma'aikata ke tambayar fitsari. Idan kuromiyam ya shiga huhu sai ya bi jini, jiki ya mayar da mai lamba shida zuwa mai lamba uku, sannan ƙoda ta tace shi ta zubar. Da yake mafi yawansa yana fita cikin kwana ɗaya zuwa biyu, lokacin ɗibar fitsarin shi ne ginshiƙin gwajin. Akan ɗiba ne a ƙarshen aikin yini, a ranar ƙarshe ta makon aiki, wani lokaci kuma a ɗiba tun da safe domin a kwatanta. Dole ma'aikaci ya cire kayan aiki ya wanke hannu, a kuma yi amfani da tsabtatacciyar kwalbar roba, saboda ƙura ƙalilan tana iya ɓata sakamako.

A ɗakin bincike akan ɗiga fitsarin a cikin wani ɗan bututu a zafafa shi sama da digiri 2,000, sannan a haska fitila ta musamman ta cikin tururin. Gwargwadon hasken da tururin ya shanye, gwargwadon yawan kuromiyam. A wurin mutumin da ba ya aiki da shi, yawanci bai kai maikirogiram 1 a cikin lita ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Akan auna wani sinadari mai suna kiriyatinin tare da shi, don a bambanta fitsari mai kauri da wanda shan ruwa ya tsinka.

Sai dai wannan shaida tana da iyaka. Fitsari ba ya faɗin ko wane iri ne ya shiga jiki, tunda duk a mai lamba uku yake fitowa. Don sanin haka akan duba jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda mai lamba shida ke kutsawa cikinsu ya zauna tsawon rayuwarsu ta kimanin kwana 120. Haka nan maginin da siminti ya sa hannuwansa ƙaiƙayi da tsagewa, fitsarinsa yana iya fitowa lafiya lau, domin gwajin fata ne ke tabbatar da irin larurarsa. Wannan larura ce ta sa tun 2005 Tarayyar Turai ta taƙaita mai lamba shida da ke narkewa a siminti zuwa kashi 2 cikin miliyan.

Saboda haka sakamako mai yawa ba hukuncin cuta ba ne, gargaɗi ne cewa kariyar wurin aiki ta gaza. Ɗalibin da ke taya yayansa walda ko kwaɓin siminti lokacin hutu, ya nemi safar hannu ta roba da takunkumin da aka yi domin hayaƙin ƙarfe, ya yi aiki inda iska ke ratsawa, kuma kada ya ci abinci sai ya wanke hannu.