Daura: Daga Bakin Kusugu Zuwa Ƙofar Fada

Wanda ya taso da labarin Bayajidda a kunnensa yakan isa Daura yana tsammanin wata gawurtacciyar rijiya mai ban tsoro. Kusugu kuwa 'yar madaidaiciya ce, tana cikin wani gini da aka yi don kare ta, a tsakiyar gidajen jama'a. Har yau ba ta ƙafe ba. Mai kula da wurin yakan zura guga ya jawo ruwan, baƙo ya kurɓa, wani ma ya cika gora ya kai tsaraba gida.

Labarin ne ya fi rijiyar girma. Tarihin baka ya ce wani maciji mai suna Sarki ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Bayajidda ya iso daga gabas ta Borno, da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana. Ya nemi ruwa aka ce babu, sai ya tafi cikin dare ya sare kan macijin. Sarauniya Daurama ta aure shi, kuma daga zuriyarsa ake lissafa Hausa Bakwai. Masana tarihi suna ta ja-in-ja kan gaskiyar wannan, amma ba a bakin rijiyar ake kawo gardamar ba.

Daga nan zuwa fadar Kangiwa tafiyar ƙafa ce. Gidan sarautar yana da nasa abin mamakin. Jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga garin wajen 1805, suka koma Zango da Ɓaure, sai a farkon ƙarni na 20 Turawa suka dawo da ɗan gidansu, Malam Musa, kan karaga. Zuriyarsa ke mulki har yanzu, Alhaji Umar Faruk Umar yana kai tun 2007. Ba kowace masarauta ce ta ga irin wannan komowar ba.

Mai son ganin Daura a cike ya zo lokacin Sallar Gani, cikin watan Maulidi, lokacin da hakimai ke shigowa da dawakai, tambura da kakaki suna tashi a ƙofar fada. Idan kuma ziyarar ta haɗa da Lahadi, kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa tana nan kusa da iyakar Nijar, inda fatake daga ƙasashen biyu ke cinikin shanu da raƙuma.